Tsoron furta zunubi a gaban Fada: kunya ce ko ƙarancin tuba?

Ɗan Kakuri

Salama gare ku iyaye da 'yan'uwa. An sanar a Misar Lahadi cewa kafin Ista za a gayyato firistoci domin sauraron furta zunubi, kuma tun daga lokacin hankalina bai kwanta ba. Na daɗe ban je ba, alhali ina zuwa Misa, ina kuma cikin ƙungiyar mawaƙa. A nan matsalar take, domin Fadan majami'armu, wato firist ɗinmu, ya san muryata kamar yadda ya san fuskata, ta yadda labule ko allon da ke tsakaninmu ba zai ɓoye ni ba. Idan na tuna cewa washegari zan tsaya a gabansa ina jagorantar waƙa bayan ya ji abin da ko abokina na kusa bai sani ba, sai gwiwata ta yi sanyi. Tambayoyina biyu ne. Shin wannan tsoro alama ce ta cewa tubana bai cika ba? Kuma ya halatta in haye kogin Kaduna in je majami'ar da babu wanda ya san ni, ko kuwa hakan wayo ne da ba a so?

Maman Tagwaye

Ɗana, ka kwantar da hankalinka, ba kai ka fara ba. Mu da muke cikin Zumuntar Mata mun san adadin waɗanda suke fitowa daga Sabon Tasha da Narayi ranar Asabar da sunan za su babbar kasuwa, amma sai sun biya ta majami'ar St. Joseph tukuna, kuma babu mai tambayar wata dalili. Ka je inda bakinka zai iya buɗewa. Abin da zan gaya maka shi ne, nauyin da ake ji a kan layi ya fi wanda ake ji a ciki nesa ba kusa ba. Da zarar ka furta abu na farko, sauran sukan biyo da kansu.

Baba Katikis

Maganar Maman Tagwaye tana kan ƙa'ida. Kundin dokokin Ikilisiya na 1983 ya bai wa kowane mai bi 'yancin zaɓar firist ɗin da zai saurare shi, muddin yana da izinin yin hakan, wannan yana cikin doka ta 991. Doka ta 964 kuma ta ce a tanadi wurin furci mai shinge a tsakani domin wanda yake so ya yi amfani da shi. Saboda haka ɓoye fuska haƙƙinka ne, ba alfarma ake yi maka ba, kuma dalilin da ya sa ake gayyato baƙin firistoci a lokacin azumi ke nan.

Game da tambayarka ta farko, ban yarda cewa kunya alamar ƙarancin tuba ce ba. Mu da aka yi wa tarbiyya a ƙasar nan, tun muna yara aka koya mana cewa ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, kuma mutumin kirki shi ne wanda ya iya riƙe maganarsa. Yaro ba ya kallon idon babba, surukai ba sa cin abinci a kwano ɗaya, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Wanda ya tashi a cikin wannan tarbiyya, aka ce ya durƙusa ya ambaci abin da ya aikata da sunansa a gaban babban mutum, dole ne jikinsa ya ƙi. Wanda ba ya jin komai a kan layin furci, shi ne nake tsoron halinsa. Sai dai akwai iyaka, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kunyar da ta sa ka sauya majami'a ba ta ɓata komai ba, amma wadda ta sa ka shiga ka faɗi ƙananan abubuwa, ka haɗiye babban da gangan, ta lalata furcin gaba ɗaya, har ka fito da nauyin da ya fi wanda ka shiga da shi.

Zan ƙara da abin da wasu ba za su so ba. Na ga mutanen da suka mai da sauya firist al'ada, yau Kawo, gobe Barnawa, jibi Ungwan Rimi, domin kada wani ya lura cewa abu ɗaya suke kawowa kullum. Furcinsu ya inganta bisa doka, amma sun hana kansu mai ba su shawara da ya san inda suke yawan tuntuɓe.

Malamin Tarihi

Baba, da izininku zan ƙara bayani a kan asalin tsarin, domin sanin sa yana rage tsoro. A ƙarnonin farko, wanda ya aikata babban laifi bayan baftisma, irin su bautar gumaka, kisan kai ko zina, yakan shiga jerin masu tuba a idon jama'a, a hana shi cin Jibin Ubangiji na tsawon lokaci, wani lokaci har shekaru, kafin bishop ya maido shi. A wasu yankuna sau ɗaya tak ake ba mutum wannan dama a rayuwarsa, shi ya sa da yawa suka riƙa jinkirtawa sai sun ga mutuwa ta matso. Furci a asirce tsakanin mutum da firist, wanda za a iya maimaitawa, ya bazu ne ta hannun masu wa'azi daga ƙasar Ayilan da suka kai shi nahiyar Turai a wajen ƙarni na bakwai. Abin sha'awa, daga wannan ƙasa ce firistocin SMA, wata ƙungiyar 'yan mishan masu aiki a Afirka, da yawa suka zo yankinmu, har da John McCarthy, babban bishop na farko na Kaduna, wanda Peter Jatau ya gada a 1975.

A 1215 ne taron Lateran na huɗu, babban taron shugabannin Ikilisiya, a zamanin Fafaroma Innocent na uku, ya wajabta wa kowane mai bi da ya kai shekarun hankali ya furta zunubansa aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma a cikin wannan doka ɗin aka tanadi hukunci mai tsanani ga firist ɗin da ya tona asiri. Ku lura da wannan: ranar da aka ɗora wa jama'a nauyin magana, a ranar aka ɗora wa firist nauyin yin shiru. Ɗakin katako mai shinge da muka saba gani ya zo daga baya, a ƙarni na sha shida, kuma Charles Borromeo, babban bishop na birnin Milan a Italiya, yana cikin waɗanda suka fi yaɗa shi. A ganina, duk wani sauyi da aka yi a wannan tarihi ya karkata ne zuwa ga rufa wa mai tuba asiri.

'Yar Barnawa

Na gode da tarihi, Malam, amma ina roƙon kada mu yi magana kamar duk tsoron daga zuciyar mai tuba yake fitowa. Wani tsoron an koya mana shi ne. Ina budurwa na shiga furci a wata majami'a, firist ɗin ya ɗaga murya yana yi mini faɗa har na tabbata waɗanda suke kan layi sun ji, sannan ya shiga yi mini tambayoyin da ba su da alaƙa da abin da na kawo. Na fito ban iya ɗaga kai ba, kuma na daɗe ban koma ba. Ban ambaci wurin ba domin ba ƙara na kawo ba. Ina so ne a gane cewa mace tana shiga wannan ɗaki da wani nauyi da namiji bai sani ba, musamman idan abin da za ta faɗa ya shafi aure ko jiki. Ga kuma yanayin wuraren namu. A ƙananan majami'u na bayan gari, sau da yawa kujera ce kawai aka ajiye a gefen bagade ko a ƙarƙashin bishiya, mutane sun yi layi taku uku daga bayanka, tsohuwar da kunnenta ya yi nauyi tana magana da ƙarfi kowa yana ji. Shin wannan ma kunya ce ta tarbiyya?

Baba Katikis

'Yata, abin da aka yi miki bai dace ba, kuma ba zan nemi kare shi ba. Doka ta 979 ta umurci firist ya yi tambaya da hikima da kamun kai, yana la'akari da shekaru da halin mai furci, ta kuma hana shi tambayar sunan wanda aka aikata laifin tare da shi. Idan aka tambaye ki sunan wani, kina da damar cewa cikin ladabi ba za ki faɗa ba. Fafaroma Francis ya rubuta a 2013 yana tunatar da firistoci cewa bai kamata wurin furci ya zama ɗakin azabtarwa ba, kuma da babu masu mai da shi haka, da bai ga buƙatar faɗa ba. Shi kansa a watan Maris na 2014 ya durƙusa a gaban wani firist a majami'ar St. Peter a idon jama'a ya yi nasa furcin kafin ya zauna sauraron wasu.

Batun layi kuwa laifinmu ne mu katikis da masu tsara jama'a, domin aikinmu ne mu ja layi baya, mu sa mawaƙa su riƙa rera waƙa a hankali don ta rufe muryoyi. Mutane da yawa ba su san cewa wanda ya ji furcin wani, ko da bisa tsautsayi, shi ma wajibi ne ya riƙe sirrin ba. Haka tafinta, idan tsoho ba ya jin Turanci ko Hausa sosai, Fada kuma ba ya jin Gbagyi ko Bajju. Na taɓa yin wannan aiki, kuma abin da na ji zai bi ni kabari.

Maƙwabci daga ECWA

Gafara dai, ni ba ɗan Katolika ba ne, amma ina bin wannan muhawara da girmamawa. Abin da nake so in fahimta shi ne dalilin ɗaukar wannan wahala tun farko. A 1 Yohanna 1:9 an ce idan muka furta zunubanmu, Allah mai aminci ne, zai gafarta mana, kuma 1 Timoti 2:5 ta nuna matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutane. Idan ɗan'uwanmu na Kakuri ya shiga ɗakinsa ya yi kuka a gaban Ubangiji, me ya rage da sai mutum irinsa ya cika masa?

Malamin Tarihi

Tambaya ce mai kyau, ɗan'uwa, kuma ita ce ta raba kawuna tun ƙarni na sha shida, har babban taron Ikilisiyar Katolika na Trent ya zauna a kanta a 1551. Ba za mu warware ta a wannan zaure ba, amma ga yadda muke fahimta. Ikilisiyar Katolika ma tana koyar da cewa Allah kaɗai ke gafarta zunubi. Sai dai a Yohanna 20:22-23, bayan tashinsa daga matattu, Yesu ya hura wa almajirai Ruhu Mai Tsarki, ya ce waɗanda suka gafarta wa an gafarta musu, waɗanda suka riƙe wa kuma an riƙe. Muna ganin babu yadda mutum zai san abin da zai saki da abin da zai riƙe in ba a faɗa masa ba. Yakubu 5:16 kuma ta ce a riƙa furta wa juna zunubai, a wurin da aka yi maganar kiran dattawan ikilisiya. Firist yana aiki ne a madadin wannan matsakanci ɗaya, ba ya zama na biyu.

Maman Tagwaye

Ni ban iya jayayyar ayoyi ba, amma zan faɗi abin da na sani. Idan na yi addu'a ni kaɗai, ni ce mai ƙara, ni ce mai shaida, ni ce kuma mai gaya wa kaina cewa an yafe. Wata rana nakan sassauta wa kaina fiye da kima, wata rana kuma in hana kaina barci a kan abin da ya wuce tuntuni. Amma idan Fada ya ɗaga hannu ya ce ya kwance ni daga zunubaina da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, kunnena ne ya ji daga bakin da ba nawa ba, kuma maganar ta ƙare a nan. Wannan shi ne sanyin da ake samu, kuma ba na jin zan same shi ba tare da na bi ta cikin kunyar ba.

Ɗan Kakuri

Na gode ƙwarai, iyaye. Abu ɗaya ya rage mini. Na yarda Fada ba zai faɗa wa kowa ba, amma shi kansa fa? Ba zai cire ni daga jagorancin mawaƙa ba, ko ya sauya yadda yake kallona?

Lauyan Malali

Doka ta hango wannan, ƙanena. Doka ta 983 ta ce sirrin furci ba ya karyuwa ta kowane dalili, ko da baki, ko da alama. Wadda ke bi mata, ta 984, ta ci gaba ta hana firist yin amfani da abin da ya ji ta hanyar da za ta cutar da mai furci, ko da babu haɗarin tonuwar asiri, ta kuma hana mai riƙe da muƙami amfani da shi wajen gudanar da mulki. Ma'ana, idan ma'ajin majami'a ya furta cewa ya taɓa kuɗin baiko, Fada ba shi da ikon sauke shi bisa wannan sani, ko ya sauya makullin akwati saboda shi. Firist ɗin da ya tona asiri kai tsaye ya fita daga tarayyar Ikilisiya nan take ba tare da an zauna shari'a ba, kuma fadar Fafaroma ce kaɗai ke iya ɗage masa hukuncin. Laifuffuka kaɗan ne aka yi wa irin wannan tsanani.

Game da yadda zai kalle ka, doka ba ta iya shiga zuciya, amma ka yi lissafi. Mutumin da ya zauna sa'o'i yana sauraron jama'a a makon azumi, ba kai ne za ka zo masa da sabon abu ba. John Vianney, firist ɗin ƙauyen Ars a Faransa wanda ya rasu a 1859, yakan shafe fiye da sa'o'i goma sha biyu a rana a kan kujerar furci, mutane suna tahowa daga nesa. Mu masu zunubi muna ɗaukar namu a matsayin abin da ba a taɓa ji ba, alhali yawanci tsohon labari ne.

Malam na Tudun Wada

Ina gaishe ku maƙwabta. Ni Musulmi ne, kuma a wurinmu tuba tsakanin bawa ne da Ubangijinsa, babu wanda ake zuwa a faɗa wa, har ma an fi son wanda Allah ya rufa wa asiri kada ya tona kansa. Ba gardama na zo yi ba. Malamanmu sun ce sharuɗɗan tuba su ne barin laifin, nadama a kansa, da ƙudurin ba za a koma ba, idan kuma laifin ya shafi haƙƙin wani, sai an mayar masa ko an nemi yafiyarsa. Wannan na ƙarshe shi ne nake son sanin matsayinku a kai, domin a kasuwa nakan ji ana zolayar cewa mutum zai ci kuɗin jama'a ya je wurin Fada a wanke shi ranar Asabar. Ban yarda da zolayar ba, amma ban san amsar ba.

Baba Katikis

Malam, mun gode da wannan tambaya, kuma a nan ba mu yi nisa da juna ba. Abubuwa uku ake nema daga mai tuba: nadama tare da niyyar daina laifin, furtawa, da biyan abin da aka ɓata. Koyarwar Ikilisiya ta faɗa a fili cewa wanda ya cuci ɗan'uwansa dole ne ya yi iyakar ƙoƙarinsa ya gyara, ya mayar da abin da ya sata, ya wanke sunan wanda ya ɓata, ya biya diyyar raunin da ya jawo. Wanda yake da hali ya mayar amma ya ƙudurta ba zai mayar ba, firist yana da ikon jinkirta kwance shi, idan kuma ya ɓoye wannan niyya ya karɓi gafara da baki, kansa ya yaudara. A Luka 19, Zakka mai karɓar haraji ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta kafin aka ce ceto ya shigo gidansa. Ga abin da na lura da shi a shekarun da na yi ina shirya manya domin furci: waɗanda suka fi daɗewa ba su je ba, sau da yawa ba kunyar faɗa ce ta riƙe su ba, sun san abin da za a ce su mayar ne, gona ce ta marayu, ko kuɗin adashe, ko sharrin da aka yi wa kishiyar sana'a.

Mai Shago a Unguwar Television

Baba, wannan ya taɓo wata tambaya da aka taɓa yi mini. Idan yaron shago ya riƙa ɗibar kuɗin maigidansa a hankali, yanzu ya bar wurin ya kafa nasa, yana so ya mayar, amma ya san idan ya je ya faɗa za a kai shi ga 'yan sanda, sunansa kuma ya ɓaci a kasuwa, yaya zai yi? Fada zai tilasta masa ya je ya bayyana kansa?

Baba Katikis

Ba zai tilasta masa ba, ɗana, domin firist ba ya sanya tona kai ya zama sharaɗin gafara. Abin da ke kansa shi ne dukiyar ta koma hannun mai ita, ba lallai ne mai ita ya san daga inda ta fito ba. Zai iya aikawa ta hannun amintaccen mutum da ba zai ambaci suna ba, ko ya riƙa biya kaɗan-kaɗan gwargwadon ƙarfinsa idan ba zai iya a tashi ɗaya ba. Idan bai san ainihin adadin ba, ya ƙiyasta da gaskiya, kada ya rage don son kai. Idan maigidan ya rasu, magadansa za a bai wa, kuma sai an nemi mai haƙƙi da magadansa an rasa ne ake bayar da kuɗin ga matalauta. Sai dai idan akwai wani yaron shagon da aka zarga ko aka kora saboda wannan kuɗi, to mayar da kuɗin kaɗai bai isa ba, dole ne ya nemi hanyar da maigidan zai san cewa wancan yaron ba shi ne ya ɗauka ba. Ka gaya wa wanda ya tambaye ka ya kai maganar gaban firist yadda take, har da batun yaron idan akwai, su tsara hanyar tare.